Baƙar jakar Baba

A gidanmu ba a tambayar Baba nawa yake samu. Ba wanda ya taɓa kafa mana wannan doka, haka muka tashi muka tarar. Ya riga mu zuwa Amurka da shekara takwas, yana tuƙin tasi a birnin Niyok, sai a 2015 takardunmu suka fito muka biyo shi, ni da Umma da ƙanina, ina da shekara 13. A nan aka haifi autarmu. Gida ne mai ɗaki biyu a hawa na huɗu a unguwar Bronx, Baba ya fita bayan asuba, ya dawo mun yi barci. Yana da wata baƙar jaka mai zif da yake ɗorawa a saman kwabar kaya, duk takardar da ta shigo gidan da tambarin hukuma can take ƙarewa. Ko Umma ba ta taɓa ta.

Ni ce 'yar fari, don haka ba ya kiran sunana. In yana nemana sai ya ce “ke”, in yana magana da Umma ya ce “yarinyar nan”. Da wannan nisan da ke tsakaninmu na shiga shekarar ƙarshe ta sakandare.

A watan Oktoba na 2019 malamar da ke ba mu shawara kan shiga jami'a ta tara mu ta ce kowa ya cike FAFSA. Shi ne fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ba a biyan ko sisi wajen cike shi, kuma daga shi ake buɗe kusan kowace ƙofa: kyautar Pell (kuɗin gwamnatin tarayya da ba a mayarwa), tallafin jiha, aikin ɗalibai a cikin makaranta, da rancen gwamnati. Mai katin zama na dindindin irina yana da haƙƙi a ciki kamar ɗan ƙasa. Sai dai matuƙar ɗalibi bai kai shekara 24 ba, ba aure ba ɗa, to galibi a idon fom ɗin yana ƙarƙashin iyayensa, dole a sa kuɗin da suka samu. Kuma ba na shekarar da ake ciki suke nema ba, na shekara biyu baya ne. Mu da za mu fara karatu a 2020, takardar harajin 2018 ake buƙata. Ita kuwa tana cikin baƙar jaka.

Sai da na yi sati biyu ina juya maganar a baki kafin na iya furta ta. Ranar wata Lahadi ce, yana zaune yana yanke farce. Na durƙusa na ce, “Baba, a makaranta an ce in kawo takardar harajinka, za a nema min tallafi.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Tun yaushe 'ya take leƙa aljihun ubanta? Na taɓa gaza ciyar da ku ne?”

Na ce a'a. Ya ce to in tashi.

Ba girman kai kaɗai ba ne, ko da yake a lokacin haka na ɗauka. A shekarar gwamnati ta fito da wata ƙa'ida da ke cewa baƙon da ke dogara da taimakon hukuma zai iya rasa damar samun katin zama, tsoro ya cika masallatai da shagunan aski. Kowa da irin fassararsa. Wasu har da katin abincin yara suka mayar. Tallafin karatu ba ya cikin abin da ƙa'idar ta lissafa, mu kuma katinmu yana hannu, amma wa zai gaya wa Baba haka ya yarda? Ni ma ban sani ba. Na yi fushi, na daina maganar, na bar wata huɗu suka wuce a banza. Jami'o'i da yawa suna da ranar da suke so fom ya riga ya iso, wanda ya zo da wuri shi ake fara yankar wa rabo daga asusun makaranta. Wannan rana ta wuce ni ina kumbure-kumbure.

Umma ce ta warware. Ban san abin da ta ce masa ba. Wani dare a watan Fabrairu ya miƙo min takardu ta bayan ƙofa, ya ce in kwafi abin da zan kwafa in dawo masa da su kafin ya kwanta. Tambayoyin fom ɗin a lokacin sun haura ɗari. Na cike cikin sauri kamar mai sata, ina kauce wa kallon lambobin da nake rubutawa. Bayan 'yan kwanaki sakamako ya zo da wata lamba da suke kira EFC, wato abin da suke ganin gidanmu zai iya ɗauka. Tamu 2,450 ce. Na ɗauka ke nan dala 2,450 za mu biya a shekara, duk inda na shiga. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ba wanda na tambaya. Lambar ma'auni ce kawai da makarantu ke amfani da ita wajen rabo, ba alkawari ba ce.

A ƙarshen Maris takarda ta zo daga wata jami'a mai zaman kanta da na ƙwallafa wa rai, wadda zan iya zuwa daga gida a jirgin ƙasa. Har yau tana wajena. A sama an rubuta jimillar abin da shekara za ta ci, dala 47,000: kuɗin makaranta 38,000, sauran 9,000 na littattafai da sufuri da zaman gida. A ƙasa aka jero abin da aka ba ni. Kyautar makaranta 19,000, Pell kusan 3,900, tallafin jiha 3,100, aikin ɗalibai 2,000, wasu layuka biyu na 3,500 da 2,000, sai na ƙarshe mai suna Parent PLUS, 13,500. Aka ja layi, aka rubuta sifili. Na yi ihu har autarmu ta farka. Na gaya wa Umma an ɗauke min komai, ta yi sujada a tsakiyar falo.

Da na san yadda ake karanta irin wannan takarda, da na ga cewa dala 26,000 ne kaɗai kyauta. Kuɗin aikin ɗalibai ba a cire su daga abin da ake bin mutum, sai ka nemi aikin, ka samu, ka yi, a riƙa biyanka kaɗan-kaɗan. Layukan nan biyu bashi ne a wuyana. Na ƙarshen kuma bashi ne a wuyan Baba, da ruwa mai tsada, ga shi sai an bincika tarihin bashinsa kafin a ba shi. An jera kyauta da bashi a layi ɗaya, da rubutu iri ɗaya, ni kuma ina da shekara 18, ina ganin abin da nake so in gani.

Ana wata ga wata. Korona ta rufe birnin. Titunan da Baba ke samun fasinja suka zama kufai, a watan Afrilu shi ma ya kwanta. Sati uku muna jin tarinsa ta bango, jiniyar motar asibiti ba ta yankewa dare da rana. Ya tashi, alhamdulillahi, amma ya rame, numfashi ba ya kai shi hawa na huɗu sai ya tsaya sau biyu. Tasi ya ajiye. A cikin wannan hali na biya dala 500 na kafin alƙalami daga ɗan abin da na tara, na kama gurbina.

A watan Yuli takardar biyan kuɗi ta zangon farko ta shigo: dala 6,000. Na karanta ta ya fi sau goma ina neman inda suka yi kuskure. Babu kuskure. An cire 26,000 daga 38,000, saura 12,000, an raba biyu. Na zauna a kan matattakalar bene, gwiwata ta yi sanyi.

Na san matsayin Baba a kan kuɗin ruwa. Mutumin da ya shekara goma sha uku a ƙasar nan bai taɓa riƙe katin bashi ba. Na kuma riga na cika gida da cewa kyauta zan yi karatu, an faɗa wa 'yan uwa a waya, an sa min albarka. Sai na zaɓi in rufe ƙarya da ƙarya. Rancen ɗalibi na gwamnati ba ya buƙatar sa hannun iyaye, ɗan shekarar farko zai iya karɓar har 5,500. A cikinsu 3,500 gwamnati ce ke ɗauke ruwan muddin kana karatu, 2,000 kuwa ruwansu yana fara hawa tun ranar da aka saki kuɗin. A shekarar ruwan kashi 2.75 cikin ɗari ne, kuma an ma dakatar da shi saboda annoba, da wannan na lallashi zuciyata. Cikin dare, kowa na barci, na sa hannu a waya. Bashi hanji ne, in ji masu magana, yana cikin kowa. Nawa dai ya hana ni barci.

Bayan rancen, saura dala 3,250 kowane zango. Na nemi a raba min biya wata-wata, na sami aiki a wani babban ɗakin ajiyar kaya, daga ƙarfe 6 na yamma zuwa tsakar dare. A gida na ce na littattafai nake nema. Karatun duk ta intanet ake yi. Ƙanina yana aji a teburin cin abinci, auta tana kuka, Baba yana tari a ɗaki, ni ina banɗaki da kwamfuta a kan cinya saboda nan ne kaɗai ƙofa ke rufuwa. Sau da yawa malami yana magana barci ya sace ni. Zangon farko na faɗi darasi biyu cikin biyar. Aka turo min gargaɗi: tallafin gwamnati yana da sharaɗi, galibi sai matsakaicin maki ya kai 2.0 kuma ka ci aƙalla kashi biyu cikin uku na darussan da ka ɗauka. Na goge saƙon.

A watan Maris na 2021, sati na shida da fara zango na biyu, na gaji. Na shiga shafin makaranta na danna janyewa daga dukkan darussa, ina ganin na sauke kaya. Ban san cewa tallafin tarayya kwana-kwana ake cinsa ba. Wanda ya fita kafin zango ya kai kashi 60 cikin ɗari, sai makaranta ta mayar wa gwamnati kason da bai ci ba, ita kuma ta juyo ta bi shi kuɗinta cif. Da na daure sati uku kacal, da ba a mayar da komai ba. Takarda ta zo, ana bina dala 4,300, kuma ba za a saki sakamakona ba sai na biya. Wannan karon ba ta waya ta zo ba, ta akwatin gidan waya ta zo, Baba ne ya ɗauko.

Na shigo na tarar da ita a buɗe a kan tebur. Ban jira tambaya ba, na durƙusa na zayyana komai, har rancen. Na shirya wa faɗa. Ya yi shiru har na fara jin ƙarar agogo. Sai ya tashi, ya miƙa hannu saman kwaba, ya sauko da jakar, ya zuge zif a gabana.

Ya ce, “Zo ki gani.”

Rasit-rasit ne na tura kuɗi gida, an ɗaure su da roba shekara-shekara. Na kakata, na marayun wansa su biyar, na maganin wata gwaggo. Ga kuɗin hayar mota da yake biya kowane sati kafin ya ga ribar sisi. Ya ce abin da ya sa bai so in ga takardar ba, kada in ga yadda abin yake da ƙaranci in ji tsoro, ko in raina shi. “Na so ki yi karatunki ba ki san komai ba. Ashe ke ma ɓoye min kike yi.” Umma tana bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi. Ranar ce ya fara yi min magana mai tsawo a rayuwata.

Adashin Umma da matan unguwa ne ya biya bashin makarantar. Aka ba ta ɗauka tun kafin layinta ya zo, na ƙara da albashina. A watan Yuli aka saki sakamakon, na nemi ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyu na birnin, inda kuɗin shekara ga mazauni dala 4,800 ne. Na sake cike FAFSA, don kowace shekara ake sabunta shi. Wannan karon harajin 2019 aka duba, shekarar da Baba ya fi samu, lambarmu ta ƙara hawa sama alhali gidan ba kuɗin shiga.

Na kira ofishin tallafi ta bidiyo. Wata dattijuwa mai tabarau a kan goshi ta duba fayil ɗina ta ce, “Samun mahaifinki yana nan yadda yake a 2019?” Na ce ya fi shekara bai tuƙa mota ba. Ta sauke tabarau ta ce me ya sa ban faɗa ba. Ashe doka ta ba jami'an tallafi ikon sake duba lissafin ɗalibi idan halin gidansu ya canja: rasa aiki, rashin lafiya mai cin kuɗi, mutuwa, rabuwar aure. Rubutaccen bayani kawai ake kaiwa da shaida. Ba dole ne su amince ba, hukuncin nasu ne, amma ana nema. Wannan ƙofa tana nan a buɗe tun ranar da Baba ya ajiye mota, tun kafin in sa hannu a bashi, tun kafin in fara kwana a tsaye. Na kashe kyamara na yi kuka, ta jira ni.

Ranar da za a kai shaida Baba ya sa hula da babbar riga ya zauna kusa da ni a gaban kwamfuta, jaka a kan cinyarsa. Takardar asibiti, takardar mayar da mota, takardun kuɗin rashin aiki da ya karɓa yana jin kunyarsu, ɗaya bayan ɗaya yana miƙo min ina ɗaukar hoto. Matar ta gaishe shi, ya amsa da Turancinsa na direba. Bayan sati uku lambarmu ta koma sifili. Aka ba ni Pell cikakke, wanda a shekarar dala 6,495 ne, ga tallafin jiha. Kuɗin makaranta ya biyu, har aka turo min ragowa na sayi littattafai da katin jirgi. Na rage aiki zuwa kwana biyu. Makina ya dawo.

Pell ba ya dawwama, zango 12 ne iyakarsa a rayuwar mutum, na riga na ƙona biyu a banza. Wannan ya sa na koma mai lissafi. Da lokacin komawa jami'ar shekara huɗu ya zo a 2023, ban nemi ko ɗaya ba sai da na ƙiyasta. Doka ta wajabta wa duk makarantar da ke karɓar tallafin tarayya ta sa shafin ƙiyasi a dandalinta tun 2011, inda za ka sa samun gidanku da yawan mutanen gida ya nuna maka kusan abin da zai rage a wuyanka bayan an cire kyauta. Minti goma yake ci. Yana nan lokacin da nake sakandare, ban taɓa jin labarinsa ba. Ba ya faɗin gaskiya cif, wasu makarantun da tsofaffin alƙaluma suke aiki, amma yana nuna maka ko dutse ne a gabanka ko tudu.

Na sayi littafin rubutu na ja layi uku a kowane shafi, makaranta ɗaya shafi ɗaya. Layin farko abin da za a ba ni ba biya, na biyu abin da sai na yi aiki, na uku bashi. Na farkon kaɗai nake cirewa daga kuɗin makaranta, abin da ya rage in ninka shi da yawan shekarun da suka rage min. Sannan in kira ofis in tambaya: kyautar nan ta shekara ɗaya ce ko ana sabunta ta, da wane maki, kuma in kuɗin makaranta ya tashi tana tashi? Wata jami'a mai suna ta ba ni kyauta mai ƙoshi a ido, da na yi lissafi sai na ga ta fi jami'ar gwamnati da ta ba ni kaɗan tsada ninki uku. Na zaɓi ta gwamnatin, na karanci aikin akanta, abin da ƙanina ke cewa bashi ne ya zaɓa min.

Rancen nan kuwa, bayan abin da makaranta ta mayar, dala 2,800 ya rage. Dakatar da ruwa da aka yi tun Maris na 2020 ta ci gaba har ƙarshen Agustan 2023. Na yi ta zubawa ɗari-ɗari, na biya na ƙarshe saura sati biyu ruwa ya dawo. Ba dabarata ba ce, sa'a ce da ba za ta maimaitu ba, waɗanda suka karɓa a 2024 kashi 6.53 cikin ɗari aka ɗora musu. Na buga shaidar biya na kai wa Baba. Ya karanta, ya ninke, ya sa a jaka.

Da aka zo kan ƙanina, fom ɗin ya canja. An rage tambayoyi, an maye gurbin EFC da wata lamba mai suna SAI wadda take iya sauka ƙasa da sifili har zuwa -1,500, an kuma daina rage wa gida nauyi don yana da 'ya'ya biyu a jami'a lokaci ɗaya, abin da ya shafe mu kai tsaye. Yanzu uba da kansa yake buɗe asusunsa ya ba da izini a ɗauko bayanan harajinsa daga hukumar haraji. A shekarar fom ɗin bai buɗe a Oktoba ba sai ƙarshen Disamban 2023, ya yi ta sarƙewa, takardun makarantu suka makara. Baba ne ya riƙa tashinmu da asuba mu gwada ko shafin ya buɗe.

Na gama a 2025. Ina aiki a wani ƙaramin ofishin lissafi, lokacin haraji ni nake cike wa Baba nasa. Ya koma tuƙi, rabin yini. Ranar da takardun ƙanina suka iso a 2024, uku ne, ya baje su a tebur yana murna da wadda lambarta ta fi girma. Baba ya jawo kujera, ya ciro tabarau, ya ɗora yatsa a layin farko.

Ya ce, “Wannan kyauta ce ko bashi?”

Ƙanina ya ce bai sani ba. Baba ya juyo wajena ya ce, “Ke, ɗauko littafin nan naki.”